Kabayid Ɗin da Aka Ce Ya Mutu

Sana'ata buga bulo ce, a bakin hanyar da ta fita daga Azare ta nufi Katagum. Haƙorana na sama guda uku babu su, hannuna na hagu kuma ba ya miƙewa daga gwiwa. Masu sayen bulo sukan ɗauka daga kan gini na faɗo, ni kuwa ba na gyara musu. Duka ne. Mutanen garinmu ne suka yi mini shi da rana tsaka, kuma akwai wanda aka yi wa fiye da nawa a kan laifin da ni na aikata. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru, don ba na son labarin da aka soma daga tsakiya.

Sai na fara da kabayid. Masu waldar da ke gyaran jikin mota a gareji suna da wata tukunyar ƙarfe mai tiyo. A cikinta suke zuba kabayid, wani dutse ne toka-toka da ake saye a shago, sannan su sa masa ruwa. Da ruwa ya taɓa shi sai ya hau tafasa yana fitar da iska mai warin tafarnuwa. Wannan iskar ce ke bin tiyo ta kama wuta, da ita ake narkar da ƙarfe. In ya gama aikinsa sai ya koma farin taɓo, kamar kunun da ya kwana. Kashin kabayid suke ce masa. Bayan gareji ake zubar da shi, kuma inda aka zuba ciyawa ba ta sake fitowa.

Wata rana na je gyaran babur na lura da wani abu. Inda farin taɓon nan ya gauraya da yashi ya bushe, ya yi tauri kamar daɓe. Na sa diddige na daka, bai fashe ba. A lokacin siminti ya yi tsadar da mai bulo ke tunanin rage hannu, ni kuma ba na rage hannu, don bulon da ake murzawa da yatsa ya zube ba zai fito daga wurina ba. Na ɗebi kashin a buhu na kai gida na yi ta gwaji. Na zuba shi da yawa, bulon ya yi laushi. Na rage, na sake ragewa, har na tsaya a kwano ɗaya na garin kashin cikin kwano goma na siminti. Bulon da na buga a haka, bayan ya sha ruwansa ya bushe, nakan ɗaga shi daidai kafaɗa in sake shi a ƙasa. Ba ya karyewa. Fuskarsa ma ta fi ta sauran santsi da haske, magina har tambayarsa suke yi.

Na tsara wa aikin ƙa'ida. A kwaso kashin a buɗaɗɗiyar amalanke. A baza shi a fili kwana bakwai. A daka, a tankaɗe da rariya, sannan a auna. Shekara biyu ina bin wannan tsari ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Sai dai a zatona kwana bakwai ɗin nan don bushewa ne kawai. Ban san akwai wani aikin da suke yi mini ba.

Mutum biyu ne a cikin harkar tare da ni. Na farko mai waldar da ke ba ni kashin, mutumin kudu ne da ya fi shekara ashirin a Azare, kowa Oga yake ce masa, Hausarsa har da karin magana. Na biyu mai amalanken shanu, dattijon Bafulatani ne daga wani ƙauye kusa da Katagum. In an gama huɗa sai ya shigo Azare da bijimansa biyu yana jigilar yashi. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mai bulo. Mutum ne mai tsokana, ni kuwa ba na yi, shi ya sa ya fi son tsokanata.

A daminar shekarar da nake magana, ruwa ya yi mini ɓarna sau biyu. Na baza kashi, ruwan sama ya sauko ya wanke shi, farin ruwa ya gangara ya shiga bayan gidan maƙwabcina ya ƙone masa kuɓewa. Ya yi mini magana, kuma yana da gaskiya. Na zauna na yi shawara da kaina, na ce daga yau a duro za a riƙa kwasowa, a rufe, a ajiye har rana ta samu. Na sayi duron ƙarfe mai murfi da zoben da ake ɗaure murfin da shi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, muka haɗu a gareji ni da Baffa. Oga yana tsugune yana wanke tukunyarsa, ga sabon kashi a gefe yana ɗan tururi.

Na ce, "Oga, wannan na yau ne?"

Ya ce, "Yanzun nan na juye shi."

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Malam. Tun safe yake ba ni wuta kamar ta aci-balbal, na gaji na juyar da banza."

Na ji kalmar farko, ban saurari sauran ba. Muka sa shebur muka cika duron har kusan wuya, da ruwansa da komai. Baffa yana riƙe da igiyar shanu yana kallona ina ɗora murfi.

Ya ce, "Mai bulo, yau gawa za mu ɗauka ke nan? An ce ya mutu, ga makara har da murfi. Saura liman."

Na ce, "Baffa, ja shanunka kusa, rana tana yi."

"To ka yi masa salla tukuna. Ni ba na ɗaukar mamacin da ba a sallata ba."

Oga ya yi dariya ya koma ƙarƙashin wata mota. Bai ga lokacin da na sa zoben ba. Ni na sa shi, na ɗauki guduma na buga shi har ya zauna daram, don kada ya tsiyaya a hanya ya ɓata wa Baffa amalanke. Muka ɗora duron, muka ɗaure. Na ce masa ya yi gaba, zan tsaya in sayi wayar rariya in same shi a hanya.

Dole in faɗi irin zamanin da ake ciki. Shekarun nan ne da gari yake cikin tsoro. An sha jin ƙarar fashewa, an binne mutane, ana lalube mu a ƙofar masallaci da ƙofar kasuwa. Ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga mata sun zubar da tallarsu sun ruga. Hanyar da Baffa zai bi kuwa ta gaban tasha ta wuce, ranar kasuwa.

Abin da ya faru a kan amalanke daga baya na ji shi. Da ya iso gaban tasha sai ya ji duron yana huci a bayansa. Ya waiga ya ga murfin ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci rogo. Ya tsayar da shanu, ya zaro ƙarfen da yake kafe ƙofar amalanke da shi, ya hau ya doki zoben don ya sassauta abin ya sha iska. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya yi tartsatsi.

Ina cikin shago ana auna mini waya na ji ƙarar. Kwanukan rufin shagon suka amsa. Mai shagon ya yi salati ya faɗa ƙarƙashin teburinsa. Na fito na ga mutane suna gudu suna baro tasha, ana ture juna, wata mata ta faɗi an bi ta kanta. Kafin in tayar da babur gudun ya juya. Waɗanda suka gudu suka dawo, kuma yanzu kowa da abu a hannunsa.

Na ajiye babur a bakin rumfar wani mai faci na kutsa da ƙafa. Ga abin da na gani. Duron ya tsage daga sama kamar an ɓare ayaba. Murfin ya sami bijimin dama a doron wuya, ya gurfana a kan gwiwoyinsa jini yana bulbula, ɗan'uwansa kuma yana fizgar karkiya yana jan sa a ƙasa, amalanken tana juyawa a wuri ɗaya. Farin taɓo ya fantsama ko'ina, a titi, a jikin motoci, a kan tiren masu goro. Baffa yana zaune a tsakiyar titi, fari fat daga kai zuwa ƙirji, ya rufe fuska da hannu biyu. Hausa ta gudu daga bakinsa, Fulatanci kawai yake yi.

"Ndiyam! Ndiyam!"

Ruwa yake roƙo, don kashin yana cin idonsa. Rabin mutanen da ke wurin suna jin Fulatanci kamar yadda nake ji. Babu wanda ya kawo ruwa. Sai wani ya ɗaga murya.

"Ga shi nan! Bai mutu ba!"

"Abokansa yake kira!"

"Ku kama shi kafin ya tayar da na biyu!"

Tun kallon farko na san abin da ya faru. Na ga durona, na ji warin tafarnuwa. Ba wani abu da ya shige mini duhu. Amma na ja da baya na tsaya a gindin rumfar mai faci, na dafa ginshiƙinta. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, bakina ma haka. Tsoro ne kawai, kuma na san sunansa tun a lokacin.

Wanda ya fara dukansa da ƙotar shebur ya yi, a gadon baya. Baffa ya kife. Na biyu ya sa ƙafa a haƙarƙarinsa. Daga nan ban iya bin lissafi ba, don sun rufe shi, sai dai in ga sanduna suna tashi suna sauka, farin taɓo yana tashi tare da su yana komawa ja. Akwai wanda muke sahu ɗaya da shi a masallacin Juma'a, na gan shi da itacen girki. Akwai mai sayar da rake, da wuƙarsa a hannu yana neman hanyar shiga bai samu ba. Can aka ɗan buɗe, na hango Baffa ya sauke hannu daga fuskarsa yana lalube a ƙasa, ya ɗago kai yana waige-waige. Wani dogo mai jar hula ya zo da rabin bulo, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke masa a gefen fuska na hagu. Na ji ƙarar daga inda nake. Ina tsaye.

Sai wani ya zo ta gefena, har kafaɗarsa ta goge ni, ya sunkuci tsohuwar taya daga tarin mai faci ya mirgina ta cikin taron. Wani kuma ya ce a karɓo fetur wurin 'yan bumburutu. Tayar nan ce ta cire ni daga jikin ginshiƙi. Ban san yadda na ratsa su ba, na dai tsinci kaina a tsakiya, na ɗaga hannu biyu.

"Ku tsaya! Ku tsaya don Allah! Duron nan nawa ne!"

Suka juyo kaina. Da na san abin da na sani yanzu, da kalma ɗaya zan faɗa, in ce kabayid, in yi ta maimaitawa. Amma ni mutum ne da ya saba fara magana daga farkonta.

Na ce, "Ku saurara in yi muku bayani. Na farko, wannan dattijo ɗan dako ne, bai san komai ba. Na biyu..."

Mai jar hula ya katse ni. "Mene ne a ciki?"

"Kayan haɗi ne. Ni nake haɗa shi da..."

"Kun ji! Ya ce shi yake haɗawa!"

"Ya amsa da bakinsa!"

Siminti nake shirin cewa. Kalmar tana kan harshena ƙotar shebur ta same ni a baki. Na ji haƙorana sun zubo a kan harshe kamar tsakuwa, na tofar da su tare da jini. Aka doke ni a ƙeya, na faɗi a kan Baffa. Da na ji shi a ƙarƙashina sai na rungume shi, na sa hannuna na hagu na kare kansa, na dama kuma na saƙale shi a ƙugunsa. Ba jarunta ba ce. Na ga dai taya ɗaya ce, ba za ta shiga wuyan mutum biyu a haɗe ba.

Suka yi ta ƙoƙarin raba mu. Wani ya ja ƙafata, wani ya ja rigata har ta yage. Da abin ya gagara sai aka kawo ƙarfen da Baffa ya doki zobe da shi, aka sauke mini a gwiwar hannu sau uku. A na uku na ji ƙashin ya tafi. Hannun ya saki, amma nauyina yana kansa. Suka ɗora mana tayar a baya haka nan. Sai na ji sanyi yana bin wuyana yana gangarawa cikin kunnena, warin fetur ya rufe warin tafarnuwa. Baffa yana numfashi a ƙarƙashin ƙirjina, kowane numfashi da ɗan kuka kamar na ƙofar da ba mai. Ya daina neman ruwa. Kalmar shahada yake yi, ni ma na kama, da bakin da ya fashe.

"Wa ke da ashana?"

Wannan tambayar na ji ta sarai. Abin da na ji bayanta kuwa ƙarar ƙarfe ce a kan ƙashi, da ihun wani da ba mu ba.

Mutanen gareji ne. Oga ya ji ƙarar daga ƙarƙashin mota ya gane ta, don tukunyarsa ta taɓa yi masa irinta. Ya leƙa inda muka loda duron ya tuna da murfi. Ya kwaso makanikai da masu fenti da duk wanda ke wurin, su goma sha wani abu, kowa da sifana ko hannun jak. Ba su tsaya sallama ba. Suka faɗa wa taron ta baya suna duka, suka buɗe hanya har inda muke, suka kewaye mu suka juya mana baya. Ina kwance ina ganin ƙafafunsu, baƙaƙe da man inji. Aka yi ta dauki-ba-daɗi a kanmu. Wani makanike ya faɗo kusa da ni da tsagaggen goshi, ya tashi ya koma. Aka jefi Oga da dutse a kai, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya share da hannun riga yana ta ihu.

"Kabayid ne! Kabayid ne, jama'a! Ku shaƙa ku ji!"

Wani ya ce, "Kai kuma wa ya sa da kai? Ko da kai aka haɗa?"

Oga ya ce, "Ni na gyara maka ƙofar motarka ranar Talata, marar kunya! Da me ka ga na yi waldar, da yawun bakina?"

Akwai wani Alhaji, tsohon direba, shugaban 'yan tasha, mutum mai jiki da murya. Shi ya riƙe wuyan hannun wanda ya fito da ashana ya murɗe har kwalin ya faɗi, ya taka shi. Oga ya gan shi ya ce, "Alhaji, gwangwani da ruwa kawai nake so. In ƙarya nake yi a haɗa da ni a ƙone."

Alhaji ya daka tsawa aka kawo. Oga ya hau amalanke ya tura hannu cikin ragowar taɓon da ke gindin duro, ya lalubo wani ƙulli kamar goro. Ya tsallaka titi, nesa da fetur, mutane suka bi shi da ido. Ya murje farin da ke jikin ƙullin, cikinsa ya fito toka-toka. Ya jefa a gwangwani. Ruwan ya hau tafasa yana huci. Ya karɓi ashana a hannun wani mai shayi ya ƙyasta ya miƙa. Abin ya yi fat, wuta ta tsaya a bakin gwangwani tana baƙin hayaƙi.

Wata mai sayar da ayaba ta ce, "La ilaha illallahu. Wannan ai abin da ake nunar da ayaba da shi ne."

Shi ke nan. Ban ga lokacin da suka watse ba. Na dai ga sanduna a zube a titi babu masu su, kuma waɗanda suka rage duk 'yan kallo ne, kowa yana cewa yanzu ya iso. Mai jar hula ya ɓace. Aka ɗauke mana taya, aka kawo ruwa a bokiti ana kwarara wa Baffa a fuska. Wani mahauci ya zo ya duba bijimin da ke gurfane, ya ce ba zai tashi ba, ya juya shi gabas ya yanka shi a nan gefen titi. Jininsa ya bi kwata tare da farin ruwa. Da jami'an tsaro suka iso, su suka sa aka kai mu asibiti a bayan wata motar ɗaukar kaya.

Kwana uku ban iya magana ba. A na huɗu Oga ya zo da ɗinki a kansa, ya zauna a bakin gadona.

Na ce, da ƙyar, "Ka ce ya mutu."

Ya ce, "Malam, a wurinmu in kabayid ya daina narkar da ƙarfe ya mutu. Ko da saura a cikinsa, ba ya yi mini aiki, me zan ce masa? Ai na gaya maka yana ba ni wuta kaɗan-kaɗan."

"Ka gaya mini."

"Kullum akwai 'yan ƙulli masu rai a ciki. In ka baza a fili sai su ƙarasa mutuwa da kansu, iskar ta tafi sama. Shekara biyu kana yin daidai. Wa ya ce ka rufe?"

Na ce babu wanda ya ce. Ya ce da ya ga zoben da ya hana. Na ce na sani. Ba mu sake tayar da maganar ba har yau.

Baffa yana wani ɗakin. Haƙarƙarinsa huɗu sun karye, kunnensa na hagu ya daina ji. Na tambayi likitan da ke duba mu game da idanunsa. Ya ce na dama ya tsira, don an wanke shi kafin farin ya cinye shi. Na hagu kuwa ba farin ne ya kashe shi ba, duka ne ya fasa shi, sai da aka cire. Na ce duka da me? Ya ce da abu mai nauyi mai kaifin gefe. Ban ƙara tambaya ba. Kafin in iya tashi da ƙafata 'yan'uwansa sun zo sun tafi da shi gida.

Na koma aiki bayan wata biyu. Ban daina sa kashin kabayid a bulo ba, don ba shi ya yi laifi ba. Na gina masa rumfa mai rufi, buɗe ta kowane gefe, da ɗan bango a ƙasa don kada ruwa ya ja shi. Duk abin da za a kwaso sai ya kwana uku a bayan gareji, kuma kafin a ɗora nakan ɗebi kaɗan daga tsakiya in jefa a ruwa in kasa kunne. Mutumin nan mai itacen girki ya zo sayen bulo ɗari biyu a shekarar. Ya gaishe ni, ya yi mini jaje, ya ce mutane ba su da imani. Na loda masa bulonsa na ce ya gaida gida.

Da kaka ta yi na shiga mota zuwa Katagum, daga nan na hau babur ɗin haya zuwa ƙauyensu. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, a inuwar zana, ana shigar da damman gero. Ya rame. Ya ɗaura wani ƙyalle a kan idon hagu. Bijimin da ya rage yana ɗaure a turke shi kaɗai. Na yi sallama, ya juyo da kunnen dama.

"Wa nake ji kamar Mai bulo? Muryar ta canza."

"Ni ne, Baffa. Haƙoran ne babu."

"To zauna ta nan, wancan gefen an rufe shago."

Muka gaisa, na tambayi jiki, ya tambayi iyali da aiki. Aka kawo fura. Na soma abin da ya kawo ni, na ce ni na rufe duron, ni na buga zoben, laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, ya yafe mini. Ya bar ni na kai aya, don ya san halina.

Ya ce, "Duro ƙaddara ce. Kai ba ka sani ba, ni ma da na sani ba zan doke shi ba. Wannan na yafe tun ina asibiti. An kuma gaya mini yadda ka kwanta a kaina. Ba don kai ba da toka aka kawo wa mutanen gidan nan." Ya gyara zama. "Abu ɗaya nake so in tambaye ka. Lokacin da na ɗago kai ina neman wanda na sani, na ga wani mai shuɗiyar riga a gindin rumfar mai faci, ya dafa ginshiƙi. Idona yana cike da farin nan, ban gani sosai ba. Wata uku ina juya abin. Kai ne?"

Babu wanda ya gan ni a wurin sai shi. Da na ce ba ni ba ne, da ya karɓa.

Na ce, "Ni ne."

"Ka daɗe a wurin?"

"Kamar yadda za a kwaɓa buhu ɗaya na siminti."

"Kafin bulon nan ya sauka, ko bayan ya sauka?"

"Kafin ya sauka, Baffa. Ina kallo aka ɗaga shi."

Ya kai hannu ya taɓa ƙyallen, ya gyara ƙullinsa a bayan kunne. Mata suna ta wucewa da gero a ka, wata ta gaishe ni na amsa. Na jira ya zage ni ko ya ce ya yafe wannan ma. Bai yi ko ɗaya ba.

Ya ce, "Da wannan idon na gan ka. Shi ne abin da ya gani na ƙarshe." Ya tura mini ƙwaryar da mariƙin ludayi. "Sha furarka, Mai bulo. Motar Azare ba ta jiran kowa in la'asar ta wuce."

Na sha. Ya kira wata jikarsa ta riƙe masa hannu ya shiga gida, ni kuma na nemi mai babur.